Littafin Nibaldo

Wata bakwai ina tara kuɗinta.
Kayan suka riƙa isowa ɗai-ɗai
tudun Barón, hawa na uku,
inda tagata ke kallon jiragen ruwa
suna jiran a sauke musu kaya.
Daren Asabar na ɗaure noti na ƙarshe,
na danna. Fanka ta juya, haske ya zo.
Na yi ihu har Fresia ta buga min bango.

Kwana biyu lafiya lau.
A na uku, ina tsakiyar zanen gada
da malami ke jira ran Litinin,
allo ya sandare.
Kibiyar linzami ta tsaya cak
kamar ƙuda a cikin ƙanƙara,
sautin ƙarshe ya maƙale a lasifika
yana gurnani, yana gurnani,
sai duhu.

Da ta mutu gaba ɗaya, da na huta.
Ciwon da ke zuwa ya tafi
shi ke ƙarar da kuɗin magani.
Yau ta yi awa tara tana aiki kamar jaki,
gobe kafin shayi ya huce ta suma sau biyu.

Na zare sandunan ƙwaƙwalwa, na mai da guda,
na sauya mata rami, na gwada ɗayar.
Gwaji ya kwana yana ƙirga,
da safe ya ce bai ga aibi ba.
Na goge manhajar katin hoto, na zuba sabuwa,
na zuba tsohuwa, na zuba kakarta.
Na share man sanyi, na ɗiga wani
daidai ƙwayar shinkafa.
Zafi sittin da ɗaya. Ba zazzaɓi ba ne.
Na fara zargin kowa:
mai shago, ɗan aike, iskar teku mai gishiri,
da hannuna, musamman hannuna.

Ran Laraba babana ya hawo matakala
da burodi a hammata, yana haki.
Nibaldo, shekara talatin yana gyaran lantarkin jirgi,
bai san sunan ko ɗaya cikin kayan ba.
Bai ma taɓa akwatin ba.
Ya ce, "Yaushe take yi?"
Na ce, "Ko yaushe."
Ya ce, "Babu abin da ke yi ko yaushe.
Ruwa ba ya tsami banza."
Ya jawo kujera bakin ƙofar kicin,
ya buɗe ɗan littafi, ya lashi fensir.

Biyu da kwata, ya rubuta.
Huɗu saura goma, ya rubuta.
Wajen biyar ya ɗaga yatsa: "Yi shiru, yarinya. Saurara."
Tsohon firji ya yi tari, ya yi gyaran murya,
ƙwan fitila ya ƙifta ido sau ɗaya,
kibiyata ta daskare.

Waya ɗaya suke sha, shi da ita,
wayar da ta girmi babana a cikin bango.
Na tashi zan zagi firji.
Ya ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Nuna min mai raba mata wuta."
Na nuna. Ya juya shi, ya karanta sunan
da ko shi ko ni ba mu taɓa ji ba.
A nan na tsuke aljihu don in sayi katin hoto babba.
Bai ce araha ba ta ado ba.
Ya yanka burodi kawai, ya miƙo min rabi.

Yau kwana goma sha ɗaya da sabon akwatin wuta.
Gada ta kai hannun malami, a makare.
Amma har yanzu hannun hagu na adana aiki
duk bayan layi biyu, ba da sanina ba,
kuma in firji ya yi tari cikin dare
nakan riƙe numfashi, in motsa linzami.
Yana motsi.

Littafin yana nan kan tebur, a buɗe,
fensir a kwance a tsakiya.
Ya ce kar in rufe tukuna.