Farin Zobe

Shekara talatin da ɗaya ina wanke kwalabe
a makarantar kan tudu a Balfaraiso,
inda tagar ɗakin gwaji ke kallon jiragen ruwa.
Sunana Eulalia. Ba ni ce malama ba,
ni ce mai riƙe makullin kabad.

Yau Malam Fermín ya ce in shirya dogon bututun gilashi.
Auduga a wannan baki, na jiƙa ta da amoniya,
auduga a wancan, asid mai hayaƙi.
Na toshe duka biyun. Yara suka yi tsit,
ban da Nahuel da ya kama hanci
wai warin bayan gidan tasha ne.

Ido bai ga komai ba. Minti ɗaya, biyu.
Sai ga zobe fari fat,
siriri kamar huci a kan madubi,
kuma ba a tsakiya ba.
Ya fi kusa da asid.
Amoniya ba ta da nauyi, in ji malam,
ita ke yin doguwar tafiya.

Na san haka tun bai faɗa ba.
Ni na baro tsibirinmu da akwati ɗaya,
Anselmo taku uku ya yi daga ƙofar uwarsa.
Inda muka haɗu nan gishiri ya zauna,
ba ni ba, ba shi ba, wani abu dabam.

Da rana aka kawo ruwan jan ƙarfe.
Ɗigo kaɗan, ya dagule, ya yi dususu.
Yarinya ta ce ya lalace, a zubar.
Na ce ƙara dai.
Ta ƙara, ya washe, ya yi shuɗi mai zurfi
irin na teku bayan faɗuwar rana.
Da na zubar da nawa a shekarar da ya dagule
da ban ga wannan launi ba.

Amma ba kowace haɗuwa ce alheri ba.
Bara mai shara ta zuba ta cikin bilic,
muka fito da ita tana tari, ido jawur.
Tun ranar kowanne da kabad ɗinsa.

An tashi. Na buɗe taga,
na kai bututun bakin famfo.
Zoben nan ruwa kaɗan ke tafiya da shi.
Na ɗan tsaya
kafin in murɗa.