Bakin Tef

Ina ɗan sha uku aka ba ni bakin tef,
aka ce, "Barau, riƙe nan, kada ka motsa."
A ɗaya bakin, wani dogo ja kamar gauta,
Kinniya, mutumin Sikotilan,
fensir a kunne, gumi na ɗiga kan takarda.

Wai a garinsu dutse ake sarawa a yi ɗaki,
ruwa ne ɗan gida, rana baƙuwa,
shi ya sa ya buɗe mata taga kamar Ƙofar Doka.
Babana Cindo ya riƙe zanen a juye,
ya dubi yamma, ya gyara goro a kumatu:
"Gaya masa tanderu ya zana.
Tamu ranar ba a kiranta, da kanta take kutsowa."

Tafinta ya sa wa maganar zuma.
Aka yi ginin a Samaru, gilashi na ƙyalli.
Bazara ta zo,
akawuna suka kwashe tebura zuwa gindin mangwaro.
Kinniya ya shiga da azahar, ya rufe ƙofa,
ya fito kamar an tsamo shi daga Kubanni.
Bai ce uffan ba.

Ran Lahadi sai ga kekensa a Kusfa.
Ya tuɓe takalmi, ya kwanta rigingine a zaurenmu,
yana bin bakan gizo da ido
kamar mai neman jinjirin wata.
La'asar ta yi, ya ce, "Ina zanen?"
Baba ya fita, ya ja layi da yatsan ƙafa a ƙasa:
"Ga shi."
Akuyar Gwaggo Tabawa ta bi ta kai ta share.
Ranar na ga Bature ya yi dariya har da tari.

Rani uku yana bin mu kududdufi.
Ya taka birji, ya mulmula tubali,
ya gane makuba da wari, azara da ƙara,
ɗaurin guga kaɗai harshensa ya kasa
har ya bar ƙasar.

Amma kan ruwa ba a ja da shi.
Ya ce katanga mutum ce,
a ba ta takalmin dutse, a ba ta malfa.
Ya ƙara wa indararo taƙi guda,
Baba ya ce ɓarnar kaya.
Marka ta sauka kwana tara,
katangar maƙwabta ta durƙusa, tamu na tsaye.
Baba bai ce "ka yi gaskiya" ba.
Zabi biyu ya ba ni in kai masa.

Tare suka ɗaga ɗakin shan magani,
bango mai kaurin kamu biyu,
tagogi ƙanana can sama, kusa da rufi,
haske na saukowa a hankali
kamar mai gudun tada majinyaci.
Ba wanda ya rubuta sunansa a jiki.

Ya koma. Wasiƙa ɗaya ta zo, da hoto:
makarantar baƙin dutse, sama a murtuke,
a kusurwar rufin, wallahi, zanko!
Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ya karkace."
Ya sa hoton ƙarƙashin buzunsa.
A nan muka same shi ranar da muka dawo daga kai shi.
Rasuwar Kinniya kuwa sai bayan shekara biyu muka ji.

Yau an lulluɓe ginin da kwano shuɗi,
an toshe tagogi, an kafa injin sanyi.
In an ɗauke wuta, je ka gani:
duk mata na can lungun da ba a taɓa ba,
sun jingina goyonsu da bango.

Jiya jikata Asabe, mai karatun zanen gini,
ta ja ni can da kwamfutarta.
Ta ce, "Wa ya zana?"
Na buɗe baki, sunaye biyu suka yi karo.
Ta miƙo min bakin tef:
"Kaka, riƙe nan, kada ka motsa."