Allon Mai Agashe

A Umdurman, bakin kasuwa,
Tanimu ne ya rubuta allon kawu da hannu:
jan fenti, harafi mai doguwar wutsiya,
da rago ɗaya mai fuskar akuya.

Bana ɗan kawu ya kawo na inji, mai fitila.
Nama na ƙyalli kamar bai san gawayi ba.
Larabci a sama, Turanci a ƙasa,
Hausar ta faɗi a mota.

Agashe dai kalmarmu ce,
ko sun sa mata jallabiya.

Da magariba aka ɗauke wuta.
Allo ya yi shiru.
Hayaƙin ƙuli ya tsallaka titi,
yana jawo mutane ta hanci.

Tanimu ya cinye tsinke biyu,
ya ce, "Ragona bai taɓa neman lantarki ba."