Lissafin Wuta a Gonar Jost

Kwana tara Jost ya ara mana gonarsa,
fili mai danshi a bakin ramin kwal,
inda Jamus ke haƙar cikinta tana ƙonawa.
Kafin azahar tantuna sun tsiro
kamar laimar kwaɗi bayan ruwan dare.

Ni aka danƙa wa littafin batir.
Aikina ƙidaya: nawa rana ta ranta mana,
nawa muka cinye kafin magariba.
Faifan sola shida jingine da damin ciyawa,
da fanka guda a kan dogon ƙarfe,
marowaciya, sai iska ta lallashe ta.

Hannelore kan tafasa dankali minti biyar,
ta sauke, ta binne tukunyar a akwatin ciyawa,
ta rufe da tsohon bargo.
"Zafi ma dukiya ne," in ji ta,
"wanda ya buɗe kafin lokaci, ɓarawo ne."

Ran Laraba hadari ya zauna mana a ka.
Alhamis bai motsa ba.
Juma'a allurar mita ta sunkuyar da kai
kamar mai bashi ya hango mai kuɗi.
Ga ɗan firji a tantin jinya,
cikinsa kwalabe uku na maganin sukarin Wiebke,
'yar shekara goma sha ɗaya.

Ba a yi dogon zance ba.
Kwando ya zaga, wayoyi suka faɗa ciki a kashe.
Torben ya yi ƙunƙuni, ya juya tasa sau biyu,
ya saka.

Sai keken nan marar tayar gaba,
wanda aka ɗaure a katako, aka ja masa waya.
Minti ashirin-ashirin, har asuba.
Cinya ta zama tasharmu,
gumi ya zama man da muke zubawa.
Can ƙetare injin haƙa na walƙiya
kamar gari guda ya taru biki,
mu kuwa ƙwai ɗaya, jan ido, muke gadi.

Wajen ƙarfe uku Jost ya zo da takalman gona,
da gwiwar da ke masa tsiya tun bara.
Ya juya keken ya fuskanci ramin.
"Cocin ƙauyenmu can yake, da.
Rabin awa ne daga nan."
Ya tuƙa rabin awa cif.
Bai isa ba.
Firjin dai bai yi shiru ba.

Da muka naɗe tantuna ran Lahadi,
sawunmu kawai ciyawa ce da ta yi rawaya,
Jost ya ce mako biyu ta warke.

Yanzu ina gida, hawa na huɗu.
Bango cike da wuta, ba mai tambayata lissafi.
Amma in na kai yatsa kan makunni
sai in tsaya,
ina jin ƙarar sarƙa a duhu,
ina tambaya: wannan, cinyar wa?