Yatsu Huɗu

A Kasuwar Wunti, layin masu rediyo,
babana Barau teburi ɗaya gare shi:
reza, biro, kwalbar jan-farce.
In rikoda ta tauna kaset, nan ake kawowa,
zare ya cukurkuɗe kamar hanjin kaza.
Ba ya kunnawa tukuna. Da yatsa yake bi,
ya ji inda ya tamuƙe,
ya datse nan, ya datse can,
ya haɗa baki da baki, ya ɗiga jan-farce, ya hura.
Mai kaset ya tafi yana kaɗa kai,
bai san an rage masa komai ba.

Yau ga ni a Gubi, ƙarfe biyun dare,
janareta ya yi shiru, cajin kwamfuta saura kwata,
ina juya hoton wani furotin a allo.
Can gefensa ya naɗe, ya shimfiɗa sili huɗu
kamar tafin da aka buɗe.
Da nan yake kama zaren RNA.

Saƙon da ke fitowa daga cibiyar ƙwayar halitta
ɗanye ne, cike da surutu,
magana kaɗan, sai dogon zance, sai magana kuma.
Tafin nan ba ido gare shi.
Laluba yake, harafi bayan harafi,
har ya ji jerin da ya sani, ya damƙe,
ya kira masu yanka.
Abin da aka cire ya fita a zarge,
baki ya haɗu da baki.
In aka kauce da harafi ɗaya
gida bai kwana lafiya ba.

Tarwaɗar dam ɗin can tana da shi,
da ƙadangaren da ke katangar ɗakin gwaji,
da giwar Yankari, da ni.
Duk mai ƙashin baya da nasa Barau a ciki,
ba haya, ba hutun Juma'a.
Kuma zare ɗaya, yankan zuciya daban,
na ƙwaƙwalwa daban.

Ran Asabar na kai masa hoton a waya.
Hannunsa na rawa yanzu, ko allura ba ya zarewa.
Ya ƙirga silin da farce, ya ce huɗu,
ina babban yatsan?
Na yi dariya, ban da amsa.

Ya yi shiru, sannan ya ce,
wanda suke yankewa fa, ina suke kai shi?
Na ce narkar da shi ake, a sake saƙa wani.
Ya miƙa hannu ƙarƙashin gado,
ya jawo gwangwanin madara mai tsatsa,
cike da guntayen zare, shekara talatin.
Ya ce, ni ban iya zubarwa ba,
muryoyin mutane ne.