Kwalin Injin Ban Ruwa

A Garwa, kan hanyar gadar Binuwai,
nake sayar da injin ban ruwa.

Hausa na gada tare da shagon nan.
Fillanci na tsinta a bakin masu nono,
Larabci a gaban allo,
Faransanci kuwa bulalar lakwal ta cusa min,
aji uku, na tsere.
Harshe huɗu a baki ɗaya,
na ɗauka ba ƙofar da ba zan yi wa sallama ba.

Sai ga kwali daga Sin.
Na juya shi sama, na juya shi ƙasa,
baƙaƙen duk na san su,
amma sun ƙi gaishe ni.

Jiya mai kamfanin ya bugo waya.
Ya bar yaren uwarsa a gida,
ni ma nawa huɗu sun yi tsuru-tsuru.
Asta, autata, ta ajiye rake,
ta karɓi wayar da Ingilishi,
har da dariya,
ta rage min jaka arba'in.

Mushe Hamadiko, tsohon malaminmu,
ya ce, "Iska ce, za ta wuce.
Jamusanci ma ya kwana a garin nan."
Ban musa ba. Na dai ga jikansa
yana bin darasin dare a bayan tasha.

Da magariba na ce, "Asta,
yaya suke cewa na gaji?"
Ta faɗa, na maimaita, harshena ya yi tuntuɓe.
Ta ce, "Baba, bar shi. Sannu da aiki."
Wannan kam ya shiga har ƙashi.