Ƙugiyar Ɗayyabu

Ƙarfe ɗayan dare a Tudun Hatsi.
'Yan dako sun miƙe kan buhunan wake,
ni da fitilar caji a shagon Alhaji Bappah
ina sasanta gida biyu da ba sa gaisawa.

Ɗayan sabon gini ne, da mai shararsa:
ka ci, ka zubar, ka kama gabanka,
yana biye da kai da tsintsiya.
Har kaya yakan matsar ba sallama,
ka dawo ka tarar da su a wani ɗaki.

Ɗayan injin rasit ne, ya girme ni.
A wurinsa wanda ya ari tabarma shi ke naɗewa.
Ba ya tambayar tsawon magana,
bin ta yake harafi bayan harafi
sai ya yi karo da sifili ya tsaya.
Ka manta sifilin nan,
ya tsallaka katanga ya karanto asirin maƙwabta.

Saƙon da na aika bai taka kara ya karya ba:
Ɗayyabu, masara buhu ɗari, an biya rabi.
Takarda ta fito da ɗuminta:
?ayyabu. Buhu ?ari.

A nan kowane harafi ciki da falo gare shi,
can kuwa ɗaki ɗaya, ƙofa ƙarama.
Ƙugiya ta maƙale a dokin ƙofa,
mutum ya shiga ba hularsa.

Na sake ɗinka wa sunan rigar tafiya.
Na ba tsohon kwatancen inda yake,
kafin ya iso mai shara ya kwashe.
Na kafe shi da ƙusa, na ce zauna nan.
Sai na mayar da abin da ba ni na ara ba,
allo ya yi fari fat.
Shayina ya huce tun tuni.

Da hantsi Ɗayyabu ya zo daga Kumo,
ƙurar masara har gira.
Bokonsa bai yi nisa ba,
amma ya san harafinsa na farko.
Ya shafa ƙugiyar da babban yatsa,
ya ninke takardar, ya sa a hula.

Har na hau acaɓa na tuna:
akwai tabarma ɗaya da na aro daren jiya,
tana can shimfiɗe a gidan tsohon,
kuma can ba mai shara.